Yadda Ake Nema wa 'Ya Mace Masu Ɗaukar Nauyi a Tseren Motoci

Ƙanwar wata ƙawata da ke zaune a Birmingham ta kira ni kwanakin baya. 'Yarta mai shekara goma ta fara hawan kat, 'yar motar nan mara rufi da yara ke fara tsere da ita, kuma masu filin sun ce mata yarinyar tana da hannu. Ta ce, "Yaya, don Allah ta ina ake samo masu ɗaukar nauyin nan?" Muka yi ta magana har wayata ta mutu, ban faɗi rabin abin da ke bakina ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, domin ita da duk mai irin tambayarta.

Ni akanta ce a Northampton, a tsakiyar Ingila, tafiyar kamar rabin awa daga Silverstone, shahararren filin tseren motoci. Shekara shida ke nan ni da Abbansu muna bin Autarmu filayen kat, daga Whilton Mill da ke nan kusa da mu har PF International can Lincolnshire. Yanzu shekararta 15. Albashi muke ci, ba mu gaji komai ba, don haka duk abin da zan faɗa da guminmu muka koye shi.

Kafin ki je ƙofar kowa, ki sayi littafin rubutu. Kowace kat tana ɗauke da 'yar na'ura mai auna lokacin kowane zagaye, kuma da an gama ake fitar da sakamakon kowa. Ki riƙa rubuta kwanan wata, ko an yi ruwa ko ba a yi ba, tayoyin sababbi ne ko sun sha hanya, zagayenta mafi sauri, da zagayen wanda ya fi kowa sauri a ranar. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ita ce abin dubawa. In wata shida suka wuce tazarar tana raguwa, akwai magana. Ki kuma duba ko tana iya jera zagaye goma lokutansu kusan ɗaya, domin kowane yaro yana iya dacewa da zagaye ɗaya mai kyau. Kada ki auna ta da 'yan mata biyu ko uku da ke ajinta. Ki auna ta da dukan yara talatin da suka jeru a layi.

Ina nacewa kan littafin nan ne saboda abin da zai biyo baya. In yarinya ta zo ta baya, za a ce ai mace ce. In ta zo ta gaba, za a ce inji mai kyau aka ba ta. Lambobi ne kaɗai za su tsaya mata. Kuma dole ki san da wace mota aka yi lokacin. A 1992 Giovanna Amati ta nemi gurbin shiga tseren Formula 1, ƙololuwar tseren motoci, sau uku a motar Brabham, ta kasa, har yau ana kafa misali da ita. Wanda ya gaje ta a wannan motar, Damon Hill, sau biyu kacal ya samu gurbi cikin gwaji takwas, shi ne kuma ya zama zakaran duniya a 1996 a motar Williams. Ban ce Amati ta kai Hill ba, agogo ya nuna ba ta kai shi ba. Amma motar ma ta mutu murus, kuma wanda bai san haka ba zai yanke hukuncin da ya wuce gona da iri.

Ni ranar da na yarda Auta tana da abin, wata Lahadi ce a watan Nuwamba, ana tsula ruwa. Ta tashi daga layi na goma sha tara ta ƙare ta shida. Da ta shigo wurin sikeli, inda ake auna direba haɗe da kat ɗinsa, laka ta rufe lambarta, yatsunta sun ƙage da sanyi har ta kasa kwance igiyar hular kwanonta. Ina kwance mata tana cewa, "Umma, a kwana ta uku kowa ciki yake bi, na ga waje ya fi riƙe taya." Cikin ruwa ƙarfin inji ba ya cika amfani, ido da hannu ke aiki. A daren na buɗe kwamfuta na fara lissafi.

Lissafin shi ne mataki na biyu, kuma ki yi shi da gaskiya komai ɗacinsa. Kuɗin shiga kowane tsere, lasisin Motorsport UK (hukumar tseren motoci ta Birtaniya), tayoyin rani da na ruwa, mai, gyaran inji, makanike, man motar da za ta kai ku, masauki. Sannan ki ware kaso na karo, domin za a yi karo, kuma ko laifin wani ne ke za ki biya gyaran taki. Daga nan ki ɗaga kai ki dubi tsanin da ke gaba. Ana ƙiyasta kaka ɗaya a Formula 4 da Yuro dubu ɗaruruwa, Formula 3 ta haura miliyan ɗaya, Formula 2 miliyan biyu ko fiye. Direba ne ke kawo kuɗin, ƙungiya kujera take sayar masa. Maza ma haka suke fama: mahaifin Lewis Hamilton ayyuka da yawa ya haɗa a lokaci guda kafin ƙungiyar tsere ta McLaren ta ɗauki yaron a 1998 yana ɗan shekara 13, iyayen Esteban Ocon, wani direban Formula 1, kuwa gidansu suka sayar. Abin da ya ƙara wa mace nauyi shi ne mai kuɗi yana son ya ga wadda ta riga ta bi hanyar ta kai, kuma rabon da mace ta tashi a layin tseren Formula 1 tun Lella Lombardi a 1976.

Yanzu, wa za ki tambaya?

Shekararmu ta farko na aika wa manyan kamfanoni wasiƙu masu yawa, na lemo, na waya, na kayan wasanni. Kusan duka ba su amsa ba. Daga baya na gane dalili. Ina ce musu 'yata tana da hazaƙa, ku taimaka mata. Wannan roƙo ne, kuma kamfani ba shi da asusun roƙo a sashen talla. Sitika a gefen kat da iyaye ɗari biyu za su gani a filin da ke bayan gari ba ta da wata daraja a wurinsu. Dole ki zo da abin sayarwa.

Ga yadda muka samu na farko. Yankinmu cike yake da rumbunan ajiya da kamfanonin dakon kaya. Akwai wani mai shagon taya da Abbansu ke kai masa mota, kullum kukansa ya rasa hanyar da zai shiga wurin masu manyan motoci. Akwai kuma mahaifin wata 'yar ajin Auta a makaranta, mai ƙaramin kamfanin dako. Muka gayyace su duka biyun filin tsere ran Lahadi. Na kafa kujeru a rumfarmu, na zo da fulas ɗin shayi mai citta da sambusa, Auta ta zagaya da su ta nuna musu yadda ake auna iskar taya da inda ake ɗaura dalma don cika nauyin doka. Tsakanin tsere da tsere akwai zaman awa guda ko fiye, babu abin yi sai hira. Kafin la'asar sun karɓi lambar juna. Bayan wata biyu mai shagon ya fara sa wa motocin ɗayan taya, kuma tun daga lokacin shi ke biyan tayoyin Auta na kaka. Bai taɓa tambayata ta nawa ta zo ba kafin ya biya. Abin da ya saya shi ne zaman rumfar nan.

Don haka ki zauna ki rubuta sunan duk mai sana'ar da kika sani, da wanda mijinki ya sani, da abokan aikinku. A gaban kowane suna ki rubuta abin da yake nema: sababbin masu ciniki, ma'aikata, ko a san shi a gari. Mai kamfanin dakon nan, alal misali, matsalarsa ita ce 'yan mata ba sa neman aikin kanikanci da tuƙi a wurinsa. Yanzu duk ranar da makarantu ke baje kolin sana'o'i, Auta tana zuwa da kat ɗinta a ƙarƙashin sunan kamfaninsa, yara suna yin layi su zauna a ciki. Wannan aiki ne da namiji ɗan ajinta ba zai iya yi masa ba, kuma babu kunya a karɓi kuɗinsa.

Ki kuma dubi masu sana'ar da mata ne abokan cinikinsu. Shekaru da yawa irin waɗannan ba su ga abin da zai kai su filin tsere ba. A 2024 kamfanin kayan kwalliya na Charlotte Tilbury ya sa sunansa a mota a gasar F1 Academy ta mata zalla, sai ga ƙofa ta buɗe. A matakinmu na ƙasa, wannan yana nufin makarantar koyon tuƙi mai malamai mata, asibitin haƙori, kantin magani, mai sayar da suturar mutunci. Ita kanta Lombardi, 'yar mahauci da ta fara tuƙi da motar rarraba naman gidansu, sunan kamfanin kofi na Lavazza ne a motarta a 1975, shekarar da ta zo ta shida a Sifaniya ta samu rabin maki. Har yau babu wata mace da ta samu maki a Formula 1 sai ita.

Takardar da za ki kai kada ta wuce shafi biyu. Hoto ɗaya, lambobin littafinki a taƙaice, jerin tseren kakar da ranakunsu, abin da za ki ba shi ɗaya bayan ɗaya, da farashi. Ki sa farashi. Mai cewa "duk abin da ya sauwaƙa" sadaka yake nema, sadaka kuma za a ba shi, sau ɗaya. Ki raba buƙatar gida-gida: wannan ya ɗauki taya, wancan kuɗin shiga, wani gyaran inji. Mutum biyar masu ƙananan kaso sun fi mutum ɗaya mai ɗaukar komai, domin in ɗaya ya janye ba za a ajiye mota ba. In an ba ku lokacin ganawa, ki bar yarinyar ta yi magana da bakinta. Ki koya mata gaisuwa, duban mutum, da bayanin tsere cikin jimla uku ga wanda bai san komai a kai ba. Ke ki shigo a maganar kuɗi kawai.

Sai batun da ya fi ci mini rai, wato rubuta yarjejeniya.

A shekararmu ta uku wani ɗan kasuwa, mutumin kirki a fuska, ya ce zai ɗauki rabin kakar. A gaban mutane ya faɗa, har da "ki ɗauka an gama, Hajiya." Na ji nauyin in ce ya sa hannu a takarda, kada ya ga kamar ban yarda da shi ba. Muka buga sunansa a rigar tsere da jikin kat, muka yi rajistar gasar da ta fi ƙarfinmu. Wata ya zo ya wuce, sai "mako mai zuwa in sha Allahu." A watan Yuli muka janye saura tsere uku. Na iske Auta a gareji da daddare tana ɓare sitikarsa da farce, a hankali don kada fentin ya tashi, ba ta ce uffan ba. Ban ƙara karɓar romon baka ba tun ranar.

Kada ki ɗauka ƙananan mutane kaɗai wannan ke samu. Tatiana Calderón 'yar Kolombiya ta kai har Formula 2 a 2019, ta samu kujera a IndyCar ta Amurka a 2022, amma a tsakiyar kakar aka ajiye motarta saboda kuɗin mai ɗaukar nauyin bai shigo ba. Sai da mawaƙiyar ƙasarsu Karol G ta sa hannu sannan ta koma Formula 2 a ƙarshen shekarar. Yarjejeniyarki ta faɗi adadin kuɗi, ranakun biya, da abin da kowane ɓangare zai yi. Kaso mafi tsoka ya shigo kafin tseren farko. Ba a buga suna a riga sai kuɗi ya sauka a asusu. Kada ki yarda a ɗaura biya a kan sakamako, domin wani yaro yana iya tura ta waje a kwanar farko. In yarinyar ba ta kai 18 ba, ke ce mai sa hannu, kuma duk takardar da ta ambaci kaso daga abin da za ta samu nan gaba, lauya ya karanta ta tukuna.

A cikin takardar nan ne kuma za ki rubuta iyakarki. Mu ba ma karɓar kuɗin giya ko caca. Hoton Auta na talla a cikin rigar tsere ake ɗaukarsa, kuma ni nake amincewa da kowane ɗaya kafin ya fita. Shafinta na Instagram a wayata yake. Wasu za su so yarinyar don fuskarta, su mai da motar abin jingina a hoto. Ki gane su tun daga tambayar farko: wanda ya tambayi yawan mabiyanta bai tambayi ko a wane aji take tsere ba, ki yi hattara da shi. Ga dangi masu cewa mace da tseren mota, amsata ita ce su zo su gani. Rigar tsere ta rufe ta daga wuya har idon sawu, ga safar hannu, ga hular da ake sawa a ƙarƙashin kwano mai rufe gashi duka. Reema Juffali 'yar Saudiyya ta fara tsere a 2018, shekarar da aka ɗage wa matan ƙasarta haramcin tuƙi, ga kuma Amna da Hamda Al Qubaisi daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da suka yi F1 Academy.

Akwai shirye-shiryen tallafi, kuma ki nemi kowane ɗaya da 'yarki ta cancanta. A nan Ingila, a 2024 akwai Discover Your Drive na 'yan mata masu shekara 8 zuwa 12 a filayen kat na cikin gini. Akwai gwajin gurbin Ginetta Junior, gasar motoci ta matasa, da ke ba wanda ya ci kaka guda kyauta, ta nan Jamie Chadwick ta shiga tseren mota a 2013. Sai dai zanen aro ba ya rufe katara. Gasar W Series ta fara a 2019, mata zalla, shiga kyauta, zakara ta tafi da dala 500,000. Chadwick ta cinye ta sau uku, a 2019 da 2021 da 2022, duk da haka ba ta samu kujerar Formula 3 ba, sai Amurka ta tafi, inda ta ci tseren Indy NXT, gasar da ke ƙasa da IndyCar, a filin Road America a 2024. Ita kuwa W Series, kuɗi ya yanke mata a Oktoban 2022, aka soke tserenta uku na ƙarshe, ta durƙushe a 2023. F1 Academy da ta zo bayanta ta fi ƙafafuwa, tunda Formula 1 ce da kanta ke riƙe da ita, amma ba kyauta ba ce. A 2023 kason direba Yuro 150,000 ne, a 2024 aka rage zuwa 100,000. A 2024 ɗin, kaka biyu kawai ake yarda mace ta yi, kuma zakara maki 10 take samu daga cikin 40 da ake buƙata don lasisin Formula 1.

Labarin Abbi Pulling nake yawan tunawa. A 2021 ta bar Formula 4 ta Birtaniya a tsakiyar kaka saboda kuɗi ya ƙare. A 2024 ta ci tsere a wannan gasar a filin Brands Hatch tana gogayya da maza, ta kuma lashe F1 Academy da nasara tara, aka biya mata kujerar 2025 a GB3, gasar da ke gaba da Formula 4 a Birtaniya. Hannun da ya yi wannan yana nan tun 2021. Sau nawa aka yi irinta da ba su samu dawowa ba?

In kuɗin ya shigo, ki zuba shi a zama cikin kujera. Kwanakin atisaye sun fi rumfa mai ƙyalli da sabuwar hular kwano mai zane. Yaran masu kuɗi sun fi namu ne da yawan zagayen da suka yi, sai ki rage wannan tazarar gwargwadon hali. Ki sa ta motsa jiki tun yanzu, musamman wuya da dantse, domin motocin Formula 3 da Formula 2 ba su da na'urar sauƙaƙa sitiyari irin ta Formula 1. Kuma duk ranar Litinin bayan tsere, kowane mai ɗaukar nauyi ya samu saƙo daga Auta da kanta: hoto ɗaya, ta nawa ta zo, me ya faru. Ranar da ta zo ta ashirin ma tana aikawa. Mai shagon tayar ya taɓa ce mini saƙon ranar faɗuwa ne yake karanta wa yaransa a shago.

Abu na ƙarshe, ku zauna ke da mijinki ku ja layin da ba za ku tsallaka ba, kuma ku faɗa wa yarinyar. Namu shi ne ba za mu taɓa gidan da muke ciki ba, ba za mu ci bashi mai ruwa ba, ba kuma za a taɓa kuɗin karatun yayyenta ba. Mun gaya mata Formula 4 ta fi ƙarfinmu sai in wani ya ɗauka. Ta yi kuka, sannan muka buɗe wasu ƙofofin tare. Michèle Mouton ta zo ta biyu a gasar rali (tseren kan hanyoyi da jeji) ta duniya a 1982 da Audi Quattro. Jutta Kleinschmidt ta lashe ralin Dakar a 2001. Tawagar Iron Dames, mata uku a mota ɗaya, ta ci ajinta a tseren awa takwas na Bahrain a 2023. A tseren dogon zango direbobi suna raba mota ɗaya da kuɗinta, kuma a can ne kamfanonin mota ke ɗaukar direba su biya shi albashi.

Bana mun sa ido kan gwajin Ginetta Junior. Tayoyin kaka mai zuwa suna da mai biya, kuɗin shiga ma haka, saura gyaran inji. Ranar Alhamis muna da ganawa da wata mai makarantar koyon tuƙi a Kettering, ta ce mu zo ƙarfe huɗu da rabi bayan an tashi daga makaranta. Auta ta goge hular kwanonta za ta tafi da ita, ni kuma na buga takardar kwafi biyu, da gurbin sa hannu a ƙasan shafi na biyu.